Jon Lord da ogan ɗinsa: shi ne ginshiƙin Deep Purple ko Blackmore?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau da rigima na zo, wanda zai ji haushi ya ji. Duk sanda aka ambaci ƙungiyar rok ɗin nan ta Ingila Deep Purple a nan sai ku hau yi wa Ritchie Blackmore kirari, jita kaza jita kaza, sai ka ce shi kaɗai Allah ya yi wa hannu a ƙungiyar. Ni kuwa na ce in ka cire Jon Lord da ogan ɗinsa, wato kayan kiɗan nan mai maɓallai irin na fiyano, to abin da ya rage ba Deep Purple ba ce, ƙungiyar rok ce kawai irin waɗanda suka cika Ingila a lokacin. Led Zeppelin da Black Sabbath jita ce ke jan ragama, su kuwa waɗannan mutum biyu ne a gaba, mai jita da mai ogan, kowa na neman ya danne ɗan uwansa, kuma wannan ja-in-jar ita ce sautin nasu. Wanda bai yarda ba ga fili ga mai doki.

Sarkin Jita: Hhhh Ɗan Fagge ka fara ko. Tambaya ɗaya zan maka, Smoke on the Water da ko yaron da ya fara riƙe jita jiya ya san ta, wa ya ƙirƙiro wannan bugun na farko? Amsa min kawai sai mu ci gaba

Ɗan Fagge: Blackmore ne, ba wanda ya yi musu. Amma ka sa abin kunne ka sake ji, nauyin da kake ji a ƙarƙashin jitar ogan ne ke bin ta sawu da ƙafa. Jitar ita kaɗai siririya ce wlh.

Mai Fiyano: Nan kam Ɗan Fagge ya faɗi gaskiya, bari in shigo tunda sana'ata ce. Mutane da yawa in an ce fiyano irin namu na sitidiyo suke hangowa, Yamaha PSR da za ka saɓa a kafaɗa ka hau acaɓa da shi, ka danna maɓalli ɗaya ganga ta tashi da kanta. Abin da Lord yake kaɗawa daban ne, sunansa Hammond C3, katako ne guda mai hawa biyu kowane hawa maɓallai 61, nauyinsa ya doshi kilo 200, sai ƙarti sun taru ake ɗaga shi. Babu kwamfuta a ciki ko kaɗan, mota ce ke juya wasu ƙananan faya-fayan ƙarfe masu haƙora guda 91 a gaban maganaɗisu, kowanne na fitar da nasa sautin, sai kai kuma ka haɗa su yadda kake so da wasu sanduna 9 da ake ja ana turawa. Wani Ba'amurke Laurens Hammond ne ya fito da shi a 1935, kuma don coci-coci aka fi yin sa, waɗanda ba su da kuɗin babban ogan mai bututu.

To abin da Lord ya yi shi ne, ka'ida ogan ɗin ana jona shi ne da wani akwatin sifika da ake ce wa Leslie, wanda akwai ƙaho a ciki yana juyawa, shi ke ba da wannan sautin mai rawa-rawa mai sanyi na coci da na jaz. Shi kuma ya ga in ya tsaya a haka Blackmore zai binne shi da ƙara, sai ya ja waya daga cikin ogan ɗin kai tsaye ya kai ta cikin amfilifaya Marshall, irin ta masu jita, ya ƙure ta. Sai sauti ya daina rawa ya koma gurnani. Shi ya sa a wasu wuraren a faifan In Rock da Machine Head ba za ka iya rantsuwa wannan jita ce ko ogan ba.

Sarkin Jita: To ai ka gama min aiki oga Mai Fiyano. Mutum ya mayar da kayansa jita don ya tsira, kenan jita ce sarki

Mai Fiyano: A'a ba haka ba ne. Jita in ka bugi tsirkiya sautin mutuwa yake a hankali, ogan kuwa muddin yatsanka na kai yana nan daram ba ya raguwa, kuma duk ƙarfin da za ka danna shi bai san ka yi ba, ƙarar a ƙafa take. Saboda haka in Blackmore ya tafi solo, wato inda yake baje kolin jitarsa, ba a jin rami a baya, alhali ƙungiyar ba ta da mai jita na biyu, hannun Lord ne ke cike wurin. Aikin mutum biyu yake yi.

Baba Garmaho: Yara kuna ta musu ba ku fara daga tushe ba. Mu da muka ji faya-fayan nan suna sababbi a Kaduna wajen waɗanda suka dawo daga karatu a Ingila bari mu ɗan sa baki. Kuma kada wani ya ce rok baƙo ne a ƙasar nan, a shekarun 1970 akwai su BLO da Ofege a Legas, ana jin su har Arewa.

Shi Lord an haife shi a Leicester ranar 9 ga Yunin 1941, babansa na busa sakso amma ba sana'arsa ba ce. Yana shekara 5 aka sa shi koyon fiyano irin na gargajiyar Turawa, su Bach, da karanta kiɗa a takarda. Da ya gama sakandare akawu ya yi a ofishin lauya, sannan ya tafi Landan, kuma ba kiɗa ya je karanta ba, wasan kwaikwayo ya je koya. Kiɗan dare a kulob don kuɗin haya yake yi. A nan ne ogan ɗin baƙaƙen Amurka su Jimmy Smith da Jimmy McGriff ya shiga ransa. Ya yi 'yan shekaru da wata ƙungiya The Artwoods ta Art Wood, yayan Ronnie Wood na Rolling Stones, sun fitar da faifai a 1966 amma kasuwa ba ta karɓa ba. Kuma abin da Sarkin Jita bai faɗa muku ba, lokacin da ake haɗa ƙungiyar da ta zama Deep Purple, Chris Curtis tsohon mai gangar The Searchers da ya kawo shawarar, Lord ya fara samu, shi Blackmore daga Hamburg aka kira shi daga baya. A faya-fayai ukun farko na 1968 da 1969 Lord ne ake kallo a matsayin jagora. Hush da ta kai ta 4 a jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka a 1968 ku je ku ji, ogan ne ya ɗauke ta.

Na Zango: Leicester dai ta su Ahmed Musa? Ashe garin na da wani abin bayan ƙwallo 😂

Baba Garmaho: Ita fa ɗana. Jami'ar garin ma ta ba shi digirin girmamawa a 2011.

Sarkin Jita: Baba da girmanka, amma waɗannan faya-fayai ukun da Lord ya ja ragama su ne ba wanda ke tunawa da su. Waƙoƙin mutane suke ta maimaitawa, ita kanta Hush ɗin ta Joe South ce, a Ingila ƙasarsu ko kallo ba su ishi kowa ba. Sannan ya zo ya ƙara jefa su cikin wani aikin da babu gaira babu dalili, wai Concerto, kiɗan da ya haɗa ƙungiyar da taron makaɗan gargajiyar Turawa. Ƙungiya ta ɗauko sabon mawaƙi Ian Gillan da sabon mai bes Roger Glover, jini na tafasa ana so a fasa gari, kai kuma ka kwashe su ka kai su gaban masu goge da kwat da nakatai. Ni a ganina neman suna ne kawai, yana so manya su ce shi ma ya iya.

'Yar Damagaram: Haba malam, neman suna? Ka taɓa zama ka ji shi daga farko har ƙarshe kuwa ko labari ka ji? Mutum ɗan shekara 28 da bai yi makarantar tsara kiɗa ba ya zauna ya rubuta wa kowane mai goge da mai busa abin da zai kaɗa, kusan awa guda na kiɗa, da hannunsa, yana yi suna yawon wasa gari-gari. An yi shi ranar 24 ga Satumban 1969 a Royal Albert Hall da makaɗan Royal Philharmonic, kuma madugun da ya riƙe sanda Malcolm Arnold ne, mutumin da ya ci Oscar a kiɗan fim, ba zai zubar da girmansa a kan shirme ba. Shi ya duba takardun ya ce za a yi, kuma da wasu daga cikin makaɗan suka riƙa yatsina a wajen gwaji suna ganin wasu masu dogon gashi sun zo ɓata musu lokaci shi ya tsawatar musu.

Kuma tsarin abin ma akwai tunani. Kashi uku ne. A na farko ƙungiyar da makaɗan abokan gaba ne, waɗannan su yi nasu waɗancan su katse su da ƙara. A na biyu an fara sauraron juna, nan Gillan ya yi waƙa. A na uku sun haɗe har ba ka rabe su, Ian Paice ya saki ganguna. Ni abin da na gani labarin kansa ya rubuta, yaron da ya tashi da Bach ya girma da Jimmy Smith yana neman yadda za su zauna a ɗaki ɗaya.

Sarkin Jita: Hajiya na ji shi, kuma kashi na farkon ma inda ya yi daɗi inda Blackmore ya ƙi tsayawa ne ya zarce da solo ya bar madugu da sanda a sama. Shi da Gillan duk ba su ɓoye ba cewa ransu bai so aikin ba, Gillan sai dab da wasa ya rubuta baitocinsa. Kuma abin ya jawo musu matsala, ana gayyatarsu wasa ana tambaya ina makaɗan naku.

Ticha: Wannan gaskiya ne, kuma a nan ne nake ganin ku duka biyun kuna barin abu mafi muhimmanci. Bayan Concerto Blackmore ya tsaya kai da fata cewa faifai na gaba rok zalla za a yi mai nauyi. Lord shi ne babba a shekaru, shi ake kallo a matsayin shugaba, da wani ne da sai ya ce ko tawa ko a watse. Bai yi ba, ya sakar masa, aka yi In Rock a 1970, Black Night ta kai ta 2 a Ingila, magana ta ƙare Blackmore ya yi daidai a kan kasuwa. Amma Lord bai koma gefe ya yi zuciya ba, sai ya ɗauki Bach ɗin nasa ya cusa shi cikin rok ɗin. Ku ji solon ogan na Highway Star, ku ji na Burn a 1974, ku ji yadda ya buɗe Lazy. Abin da aka hana shi yi da makaɗa 80 ya dawo yana yi da yatsu goma ta cikin Marshall. Ni a wurina wannan ya fi Concerto ɗin kansa.

Ɗan Fagge: Ticha Allah ya ƙara ilimi, abin da nake ta son faɗa kenan bakina ya kasa

Ticha: Kar ka yi saurin murna, ban ce ka ci ba. Ba don Blackmore ya matsa ba da wataƙila Lord ya ƙare a ƙungiyar da ba ta san inda ta dosa ba.

Na Zango: Ni fa Child in Time ce ta kawo ni wajen mutanen nan, wannan ɗan bugun na farko a hankali a hankali kafin Gillan ya fara ihu. Wanda ya ƙirƙiri wannan ai ya gama

Sarkin Jita: Yauwa Na Zango ka taɓo inda nake jira 😂 ba shi ya ƙirƙira ba, ɗaukowa ya yi daga Bombay Calling ta wata ƙungiyar Amurka It's a Beautiful Day, ya rage mata gudu kawai. Ɗan Fagge ina kake

Ɗan Fagge: Ina nan. Su da kansu sun faɗa ba ɓoyewa suka yi ba. Kuma in tonon silili za a yi, bugun Black Night ma ai daga yadda Ricky Nelson ya yi Summertime aka samo shi, wannan kuma ba ogan ba ne. Kowa na ɗauka a lokacin. Abin dubawa me ka mayar da shi, je ka ji ta asalin ka ji minti goman da suka gina a kai.

Baba Garmaho: Ku bar wannan. Wanda yake son ya raba gardamar nan ya nemi Made in Japan, wasan da suka yi a Osaka da Tokyo a Agustan 1972, ba gyaran sitidiyo. A nan za ka ji abin da nake kira dambe, wannan ya kai naushi wancan ya rama, mai ganga na tsakiya yana zuga su. Space Truckin' kusan minti 20, Lord na jijjiga ogan ɗin nan gaba ɗaya yana karkata shi har ƙarafan ciki su yi tsawa. A shekarar ne aka auna ƙararsu a wani zauren Landan ta kai desibel 117 har littafin Guinness ya sa su. Kuma ku lura da bayan faifan, waƙoƙin wannan zubin duk sunan mutum biyar ake sawa, ba a ce ta wane ba ce.

Machine Head kuwa ai kun san labarin, sun je Montreux a Suwizalan a Disambar 1971 za su yi rikodin a gidan caca, ana wasan Frank Zappa wani ya harba bindigar tartsatsi rufi ya kama gini ya ƙone ƙurmus, suka ƙare a barandar wani otal da aka rufe saboda sanyi, da motar rikodin ta Rolling Stones a waje. A wannan lungun aka ja ogan ɗin nan aka yi faifan da ya fi kowanne.

Mai Fiyano: Baba wannan jijjigar akwai wasu siririn waya masu lanƙwasa a ciki da ke ba da amsa-kuwwa, su ne ke karo da juna in an girgiza. Ni abin da ke burge ni da shi bai cika tara kaya ba. A takwarorinsa Keith Emerson yana soka wa ogan wuƙa yana jan sintesaizar Moog mai wayoyi kamar me, Rick Wakeman ya kewaye kansa da fiyano ta ko'ina ga alkyabba mai ƙyalli, shi kuwa Lord ya taɓa sintesaiza nan da can amma har ya bar ƙungiyar Hammond ɗin ne gidansa. Mu yanzu muna da sauti ɗari biyar a na'ura ɗaya amma ka ji waƙa goma ba ka san hannun wa ba ne.

'Yar Damagaram: Wannan maganar ta tuna min da namu Mamman Sani na Nijar, shi ma ogan guda ɗaya ne ɗan Italiya, Orla, ya yi rikodin da shi a gidan rediyon ƙasa a Yamai a 1978, shekara da shekaru ana jin kiɗansa tsakanin shirye-shirye a rediyo da talabijin, sai a 2013 wani kamfanin Amurka Sahel Sounds ya sake fitar da shi duniya ta sani. Ba rok ba ne ko kusa, nasa sanyi ne da waƙoƙin gargajiya, amma da ka ji ka san shi ne.

Sarkin Jita: To mu dawo kan magana. In Lord ne ginshiƙi me ya sa da Blackmore ya tafi a 1975 faifai ɗaya suka ƙara da sabon mai jita Tommy Bolin suka watse a 1976? Kuma me Lord ya yi bayan nan? Paice Ashton Lord faifai ɗaya a 1977 shiru. Sai ya koma yaron mawaƙi David Coverdale a Whitesnake daga 1978 zuwa 1984, mutumin da su suka ɗauko shi daga shagon sayar da kaya a 1973 ba wanda ya san shi. Blackmore kuwa ya kafa Rainbow tasa ta kansa.

Ɗan Fagge: Watsewar 1976 ƙwaya ce ta jawo ba rashin jita ba, Bolin da mai bes Glenn Hughes duk sun yi nisa a lokacin, shi Bolin ma a Disambar shekarar ya mutu yana da shekara 25. Kuma ka juya tambayar mana, da Blackmore ya sake fita a 1993 ana tsakiyar yawon wasa ƙungiyar ta mutu? Joe Satriani ya ƙarasa musu, Steve Morse ya zo a 1994 aka yi Purpendicular a 1996, suka ci gaba abinsu.

Ticha: Zaman Whitesnake kam Sarkin Jita na da ƙamshin gaskiya, jita biyu ne a gaba, Lord ado kawai yake yi a baya, shi ma ya faɗi hakan. Sai dai Here I Go Again ta asali ta 1982 da ogan ɗinsa take buɗewa, ba wadda aka sake yi a 1987 da kowa ya sani ba. Kuma da aka ce a dawo a 1984 bai yi wata-wata ba ya koma, Perfect Strangers da me ta fara? Gurnanin Hammond.

Amma akwai abin dariya da ba wanda ya ambata. Blackmore ɗin da ya ce ba ya son harkar makaɗan goge shi ne ya zo ya koyi celo, shi ne ya ɗauki kiɗan Beethoven ya sa a faifan Rainbow a 1981, shi ne kuma daga 1997 ya ajiye rok ya kafa Blackmore's Night yana kiɗan Turawan shekaru ɗari biyar da suka wuce da kayan zamanin da. Kenan ciwo ɗaya ke damunsu su biyun, kowa dai so yake ya zama shi ke riƙe da sitiyari.

Sarkin Jita: Ticha wannan bugun ƙasa da ɗamara ne 😂 amma ko a can ɗin jita yake riƙe da ita dai

'Yar Damagaram: Ni ɓangaren da ya fi taɓa ni na ƙarshen ne kuma shi ne ba a magana a kai. Takardun Concerto ɗin nan fa ɓata suka yi, bayan an sake yin sa a Hollywood Bowl a 1970 ba a ƙara ganinsu ba, kusan shekara 30 ba yadda za a yi a sake kaɗa shi. Sai wani matashi ɗan Holan Marco de Goeij ya zauna da faifan da bidiyon wasan, yana ji yana kallon yatsun makaɗa yana rubutawa, har ya tayar da shi, ya kai wa Lord. Lord ya cike sauran, aka sake yi a Royal Albert Hall a Satumban 1999 da makaɗan London Symphony, Paul Mann na riƙe da sanda. Daga nan ne hankalinsa ya koma can gaba ɗaya. A 2002 yana da shekara 60 ya bar Deep Purple, ba faɗa ba komai, yawon wasa ne ba ya barin shi ya zauna ya rubuta. Mutum ya bar ƙungiyar da ya kafa, ga kuɗi ga filaye cike, ya koma tebur da fensir. In neman suna ne ai can sunan yake.

Kuma ya yi aikin. Durham Concerto jami'ar Durham ce ta ba shi don cikarta shekara 175, aka kaɗa a babban cocin garin a 2007. Ya yi To Notice Such Things a 2010 don tunawa da abokinsa marubuci John Mortimer. Tun kafin nan akwai Sarabande na 1976 da aka yi a Jamus, mai jitar ciki Andy Summers ne kafin ya shiga The Police, sai Pictured Within da ya yi bayan rasuwar mahaifiyarsa, wannan kam in kana cikin kewa kar ka sa shi da dare. Har Frida ta ABBA ya rubuta wa waƙa a 2004.

Sarkin Jita: Duk na ji Hajiya, amma tsakani da Allah su masu wannan kiɗan na gargajiyar Turawa sun ɗauke shi nasu? Ko dai ɗan rok ne da ake yi wa kara

'Yar Damagaram: Wasu sun ɗauka wasu sun ce kiɗansa ya yi sauƙi ya yi kama da na fim. Ni ban ce Bach ne ya dawo ba. Amma makaɗan Liverpool Philharmonic sun yi rikodin ɗin ayyukansa fiye da sau ɗaya, kuma ba a tara mutum 80 a sitidiyo don kara.

Mai Fiyano: Da su ɗin ne ma aka yi Concerto na sitidiyo, wanda ya yi ta buri tun 1969, Bruce Dickinson na Iron Maiden ya yi waƙa a ciki, Joe Bonamassa da Steve Morse suka yi jita. Yana cikin aikin aka gano kansar ciki, ta pancreas, sashen nan da ke sarrafa sukari, ya sanar a Agustan 2011. Ya samu ya ji an gama haɗa shi, amma kafin ya fito kasuwa ya mutu, 16 ga Yulin 2012 a Landan, shekara 71.

Na Zango: Allah sarki. To wa ke kaɗa musu yanzu

Mai Fiyano: Don Airey, tun 2002. Kuma ka ji wani abin, shi ma tsohon ɗan Rainbow ne, yaron Blackmore, da shi aka yi wannan na Beethoven ɗin da Ticha ya faɗa. Hannunsa ya fi na Lord gudu ma in ka tambaye ni, amma Lord yana da wani jinkiri, yakan bar wuri fayau sannan ya faɗo, wannan ba a koyar da shi.

Baba Garmaho: Kuma shi da Ian Paice 'yan biyu suka aura, mata tagwaye, shi ya sa ko da ƙungiya ta watse kuna ganinsu tare a Paice Ashton Lord da Whitesnake. Duk rigingimun Gillan da Blackmore da aka yi ta yi ba ka jin sunan Lord a ciki sai dai wajen sulhu.

Ɗan Fagge: Abin da ya fi ba ni haushi Rock and Roll Hall of Fame ne, inda ake karrama manyan 'yan rok, tun 1993 suka cancanta aka yi ta ja musu rai sai 2016, mutumin ya shekara kusan huɗu a ƙasa. Lars Ulrich na Metallica ne ya gabatar da su.

Sarkin Jita: Nan kam muna tare, wulaƙanci ne. Blackmore ma bai je ba

Ɗan Fagge: Kenan ka sauko

Sarkin Jita: Ban sauko ba, a kan Hall of Fame kawai na ce. Ka kawo min waƙar Deep Purple ɗaya bayan 1993 da mai shayi zai gane in an sa

Ɗan Fagge: Kai ma kawo min ta Blackmore ɗaya bayan 1993

Na Zango: Ku dai ku turo min Made in Japan ɗin nan da Baba ya ce, da wannan Sarabande, data ta kusa ƙarewa kar ku turo bidiyo